Tarwaɗa da Kogin da ke Ratsa Gari

Wanda ya bi ta kan gadar Kogin Kaduna da sassafe ko da almuru ba zai rasa ganin masunta ba. Wasu suna cikin kwalekwale suna jefa birgi, wasu kuma, galibi yara da samari, suna zaune kan duwatsu da fatsa a hannu. Idan muka leƙa cikin bokitinsu, mafi yawan abin da za mu tarar tarwaɗa ce. Tsofaffin masunta kuwa sukan ce a da ba haka abin yake ba, sukan kama giwan ruwa da ragon ruwa a wuraren da yanzu sai tarwaɗa da ƙananan karfasa. To, me ya sa ita ta zauna wasu suka ragu? Amsar tana cikin yadda Allah ya ƙera jikinta, kuma ta shafi lafiyar duk mai cin kifi a cikinmu.

Masana kimiyya suna kiran tarwaɗa Clarias gariepinus. Ba ta da ɓawo a jiki irin na karfasa, sai fata mai santsi da yauƙi. Kanta faffaɗa ne mai ƙashi, idanunta ƙanana, ga gashin baki guda 8. Wannan gashi ba ado ba ne. Da shi take taɓa abu, da shi take ɗanɗana, don haka ba ta damu da ko ruwa ya gurɓace ko dare ya yi ba. Hasali ma da dare ta fi yin kiwo. A fikafikan da ke kusa da kanta akwai ƙaya mai tauri ɗaya a kowane gefe, wadda duk yaron da ya taɓa damƙar tarwaɗa da garaje ya san zafinta. Tana da dangi da yawa a kogunanmu, kamar ramboshi da kurungu da minjirya mai jan mutum kamar lantarki.

Abin da ya fi ba da mamaki yana cikin kanta. Kifi yana numfashi da jajayen abubuwan nan da ke ƙarƙashin murfin gefen kansa, waɗanda suke tace iskar oksijin daga cikin ruwa. Tarwaɗa tana da su, amma a samansu tana da wata gaɓa mai rassa kamar ƙaramar bishiya, cike da jijiyoyin jini. Sai ta taso saman ruwa, ta haɗiyi iska, ta koma ƙasa. Shi ya sa mai sayar da kifi a kasuwa yake ajiye ta yini guda cikin baho da ɗan ruwa kaɗan ba ta mutu ba. Shi ya sa kuma a daren da aka yi ruwan sama takan ja jiki cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, tana dogarawa da ƙayoyin nan, ta bar kududdufin da ke ƙafewa ta nemi wani.

Da farkon damina, idan kogi ya cika ya malala cikin fadama, sai tarwaɗa ta hau ta zuba ƙwai a jikin ciyawa. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu sun ƙyanƙyashe. Uwar ba ta tsaron su, kuma manyan 'ya'yan sukan cinye ƙananan. A wannan lokaci ne kamun ta ya fi sauƙi, a nan ne kuma ake yi wa kogi ɓarna mafi girma, domin wanda ya kama mace guda mai ƙwai ya kashe dubban kifaye da bugu ɗaya.

Kamun tarwaɗa ba ya bukatar jari mai yawa. Mai fatsa yana bukatar sanda da zare da ƙugiya, da ɗan kara da zai yi yawo a saman ruwa ya nuna masa an taɓa. Koto kuwa, tana ce ko hanjin kaza ko gara, har ɗan guntun sabulu wasu ke sawa. Masunta na asali sukan shimfiɗa mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi barkatai, da yamma su dawo da asuba su duba. Wasu kuma su kafa gura da dusa a ciki. Dukansu sun san abu ɗaya: tarwaɗa ta fi taruwa a bakin lambatu, inda ƙazantar gari ke shiga kogi.

A nan ne darasin namu yake. Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kogin Kwara. A hanya yana shiga garin Kaduna ta wajen Malali, ya bi ta Unguwar Rimi da Kabala da Barnawa, ya fita ta wajen Nasarawa da Kudenda. Duk abin da unguwannin nan suka zubar, ruwan wanki, da na bayan gida, da jinin mayanka, da baƙin man gareji, ƙarshensa kogi ne. Tun daga 1957, lokacin da aka buɗe masaƙa ta farko a Kakuri, ruwan rini ya yi shekaru yana bin lambatun Kakuri da Makera zuwa kogi. Yawancin masaƙun sun rufe bayan shekara ta 2000, amma mutanen garin sun ƙaru, shara da leda ma haka. A Kano labarin ya fi muni, domin masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai suna aiki da sinadarin kuromiyam, ruwansu kuwa yana ƙarewa a Kogin Challawa da Rafin Jakara.

Idan ƙazanta ta shiga ruwa, ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna ruɓar da ita, a garin haka kuma suna shanye oksijin da ke cikin ruwan. Abin ya fi tsanani da bazara, a watan Maris da Afrilu, sa'ad da kogi ya janye, ruwa ya yi ɗumi, amma lambatu bai daina zuba ba. Kifin da ba shi da wata hanyar numfashi sai ya gudu ko ya mutu. Tarwaɗa kuwa ta taso ta shaƙi iskarta, ta koma ta ci abin da ya samu, har gawar waɗanda suka mutu. Saboda haka idan muka ji wani ya ce ai ruwan lafiya lau yake tun da ga tarwaɗa tana ƙiba a ciki, bai fahimci al'amarin ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wurin da aka wayi gari babu komai sai tarwaɗa, wuri ne da ya kamata a yi tambaya a kansa.

Ƙwayoyin cuta wuta tana kashe su, in dai an dafa kifin ya nuna sosai. Amma dalma da kuromiyam da zaiba ƙarafa ne, tafasa ba ta kashe su, banda ba ta kore su, yaji ba ya taɓa su. Suna kwanta cikin laka inda tarwaɗa take kiwo, su taru a jikinta a hankali, musamman a hanta da jajayen abubuwan numfashin nan. Babbar tarwaɗa da ta daɗe a wurin ta fi ƙarama tara su, ga shi kuwa ita muka fi so a kasuwa. Wanda ya ci ba zai ji komai ba a ranar. Lahanin yana zuwa ne bayan shekaru, kuma ya fi kama ƙananan yara da jaririn da ke ciki. A garin Minamata na ƙasar Japan, a 1956 aka gano wata cuta da ta shanye jikin masunta da iyalansu, daga baya aka tabbata zaiba ce da wata masana'anta ta zuba a teku, kifi ya ɗauka, mutane suka ci.

Ba muna cewa a daina cin tarwaɗa ba ne. Yawancin wadda ake yin farfesu da ita a birane yanzu ta kiwo ce, ana rainon ta a tankuna ta kai kilo guda cikin wata shida ko makamancin haka. Ta kogi kuwa, a tambayi inda aka kamo ta. Wadda ta fito daga sama da gari ta fi wadda ta fito daga bakin lambatu. A zubar da kayan ciki da hanta, a yanke abin numfashin kafin a sa kai a tukunya. Kifin da aka tsinta yana yawo a mace kada a taɓa shi ko da kyauta ne, domin akwai marasa tsoron Allah da suke zuba maganin ƙwari a ruwa, kamar yadda aka daɗe ana yi da Gamalin 20, ko da yake dokar kamun kifi ta 1992 ta hana kama kifi da guba ko nakiya. Ɗalibanmu masu zuwa fatsa lokacin hutu kuma, su tsaya a kan gaɓa. Ruwa maras gudu mai ciyawa shi ne gidan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, kuma wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, maganin yana nan.

'Yan ajin Littafi Mai Tsarki sukan tambaye mu ko tarwaɗa halal ce, tun da Littafin Firistoci sura 11 ya hana Isra'ilawa cin abin ruwa maras ɓawo. Gaskiya ne, ga Bayahude tarwaɗa haram ce har yau. Wani abin sha'awa shi ne irin wannan tarwaɗa tamu tana cikin Tekun Galili, don haka Bitrus da Andarawus sun san ta sarai. Masana da yawa suna ganin tana cikin kifayen da masunta suka zubar a misalin taru da Yesu ya bayar a Matiyu sura 13. Mu dai an 'yantar da mu daga wannan doka, kamar yadda muke karantawa a Markus sura 7 da Ayyukan Manzanni sura 10. Aikin da aka ba Adamu a Farawa sura 2 na lura da gona kuwa, ba mu ga inda aka soke shi ba, kuma lambatun da ke bayan ɗakunan kwananmu ma kogi yake nufa.

Ga aikin hutu ga 'yan aji huɗu da biyar. Kowa ya sami tsohon masunci a garinsu, ya gaishe shi da ladabi, ya roƙe shi sunayen kifayen da yake kamawa yana saurayi da waɗanda yake kamawa yanzu, da wurin da kowanne yake. A rubuta sunayen da Hausa da kuma harshen gida, a kawo mana a makon farko na zango mai zuwa.