Ɗan Maraya Mai Kuntigi

Makaɗan Hausa iri-iri ne. Akwai makaɗan fada masu taushi da kotso, akwai na noma, akwai na dambe. Galibinsu sukan tafi da 'yan amshi. Amma an yi wani makaɗi da ya shahara shi kaɗai, ba shi da ɗan amshi ko ɗaya. Shi ne Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos.

An haife shi a Bukur, kusa da Jos, cikin shekarar 1946. Ubansa makaɗin Sarkin Bukur ne. Ba a daɗe da haihuwarsa ba uban ya rasu, sa'an nan uwar ta bi shi. Sai Sarki ya ɗauki yaron ya riƙe shi. Dalilin da ya sa a ke kiransa Ɗan Maraya ke nan.

Da ya tasa, sai tafiya ta kai shi Maiduguri. Can ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa ƙwarai. Ya komo gida ya duƙufa a kansa har hannunsa ya faɗa.

Shi kuntigi ɗan ƙaramin abu ne. Gwangwanin kifi a ke samu, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka ɗan sanda, a ɗaura tsirkiya guda. Turawa suna da wani babban abin kiɗa mai tsirkiya 47. To, da tsirkiya ɗaya tak Ɗan Maraya ya kai muryarsa har ƙasashen waje.

Ko da ya ke a gidan sarauta ya girma, talakawa ya fi yi wa waƙa. Waƙar da ta fara fito da sunansa ita ce ta Karen Mota. Karen mota shi ne yaron direba, irin wanda ya ke bin manyan motocin da su ke kwasar kaya daga masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Shi ke loda kaya, shi ke wanke mota, shi ke shan rana da ƙura, amma ba mai kula da shi. Ɗan Maraya ya yabe shi yadda makaɗan fada su ke yabon sarakuna, ya nuna wa jama'a cewa mai neman halalinsa ba abin raini ba ne.

Ya kuma yi waƙoƙin gargaɗi. Cikin Auren Dole ya ja kunnen iyaye masu aurar da 'ya'yansu ga wanda ba su so. Cikin Jawabin Aure ya yi wa miji da mata nasiha. Cikin Gulma Wuya ya nuna irin ɓarnar da annamimi ya ke yi. Saboda wannan aiki Gwamnatin Nijeriya ta ba shi lambar girma, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa.

Allah ya yi masa rasuwa a Jos ran 20 ga Yuni, 1915 da ɗari, watau shekarar 2015.

Tambayoyi

1. Don me a ke kiransa Ɗan Maraya?
2. Da me da me a ke yin kuntigi?
3. Mene ne aikin karen mota?
4. Faɗi bambancin Ɗan Maraya da makaɗan fada.