IDAN AN GA ƘULLUTU A HUHU: CIWON DAJI NE KO A'A?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wani bawan Allah ya zo wurina da takardar asibiti, jikinsa na rawa. An yi masa hoton ƙirji, an ga ɗan ƙullutu a huhunsa, har ya fara rubuta wasiyya. Na ce masa wasiyya abu ne mai kyau, amma ka zauna tukuna ka saurara.

Ɗan uwa, ka sani galibin irin wannan ƙullutu ba ciwon daji ba ne. Sau da yawa tabon tsohon ciwo ne, musamman tarin fuka da ya warke. Ga abin da likitoci ke dubawa kafin su yi hasashe:

1. Girma. Wanda bai kai milimita 6 ba, kusan ƙwayar dawa, haɗarinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. In ya wuce milimita 8, kamar ƙwayar wake, sai a zurfafa bincike. In ya haura santimita 3, wannan ba a jira.

2. Siffa. Mai santsin gefe ya fi kwantar da hankali. Mai tsika-tsika kamar ƙarangiya shi ne abin tsoro. Wanda ya daskare ya yi tauri a tsakiya kuwa, yawanci tsohon tabo ne.

3. Wuri. Na saman huhu an fi zarginsa, ko da yake tarin fuka ma can ya fi zama.

4. Mai shi. Shekarunsa nawa? Yana shan sigari? Akwai ciwon dajin huhu a gidansu?

5. Lokaci. Ana sake hoton bayan wasu watanni. Ƙullutu mai tauri da ya shekara 2 bai ƙaru ba, galibi lafiya lau ne. Don haka kada ka jefar da tsohon hotonka, shi ne shaidarka.

Duk wannan hasashe ne. Tabbas sai an ciri ɗan nama an auna.

To, ku ji gaskiya daga bakin mai magani. Zuma da habbatus sauda alheri ne, suna lallashin tari, ni ma ina bayarwa. Amma ni ba na ganin cikin huhu, kuma duk wanda ya ce zai narkar maka da ƙullutun ba sai ka koma asibiti ba, wallahi ya cuce ka. Watannin da za ka ɓata su ne waɗanda ake iya cire shi tun yana ƙarami.

In kana tari fiye da mako 2, ko kaki da jini, ko rama, ko gumin dare, tafi asibiti yau. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnatin Najeriya.

Neman magani ba ya warware tawakkali. Ka bar sigari da shisha, ka riƙe ranar komawa wurin likita, ka yawaita addu'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam. A tura wa 'yan uwa don a amfana.