Zaɓen Buroshin Aski da Kiyaye Shi

Wanzaman Birnin Kebbi da Argungu ba su damu da buroshi ba. Ruwa da tafin hannu da aska mai kaifi sun ishe su. Amma wanda ke yi wa kansa gyaran fuska da reza, lalle ya bukaci buroshi, gama shi ke tayar da kumfar sabulu, ya jiƙa gashi ya yi taushi, reza ta wuce ba yanka.

Buroshin aski iri 4 ne. Na farko na gashin wata dabbar ƙasashen sanyi ne, 'yar'uwar dage. Ya fi taushi da riƙe ruwa, ya kuma fi tsada. Na biyu na gashin alade ne, mai kaushi da araha. Malaman Malikiyya sun ce gashin da aka yanke, ba tuge shi aka yi ba, mai tsarki ne, amma duk da haka zuciyar Musulmi ba ta kwantawa da shi. Saboda haka a tambayi mai kanti tukuna. Na uku na gashin doki ne. Na huɗu na zaren nailan ne, ba ruwansa da dabba, ga saurin bushewa.

Kada araha ta ruɗe ku, araha ba ta ado. A lokacin yaƙin 1914 zuwa 1918, sojoji da waɗansu mutane a Ingila da Amurka sun kamu da ciwon saifa, irin wanda ke kashe shanu, daga buroshin gashin doki da ba a dafa ba. Ƙwayar cutar takan shiga ta inda reza ta ƙwarzane. Waɗansu har suka rasa rayukansu.

In za ka saya, ka ja gashin a hankali. In ya biyo hannunka, aje musu kayansu.

Ga yadda za a kiyaye shi:

1. Sabo, a wanke shi da sabulu kafin ya taɓa fuska.
2. A jiƙa shi da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, don zafi yakan narkar da ƙaron da ya riƙe gashin.
3. Bayan aski a ɗauraye kumfar sarai, a yarfe, a rataye shi kai ƙasa inda iska ke kaɗawa.
4. Kada a kulle shi cikin gwangwani da danshi, balle da damina a garuruwanmu na bakin fadama, sai ya yi fumfuna ya riƙa wari.
5. Da hunturu, in ya bushe, a rufe shi da ƙyalle saboda ƙura.
6. Ban da aro. Ta nan makero da ƙuraje ke yawo daga ɗaki zuwa ɗaki.

To, 'yan'uwa, gobe mu za mu tsaya gaban yara muna koya musu tsabta. Yaro kuwa fuskar malaminsa yake fara karantawa kafin allo. Allah ya sa mu dace, amin.