Kafin Duba-gari Ya Zo: Shawarwari Ga Magidanta

A Kano, Asabar ɗin ƙarshen kowane wata ranar tsaftar muhalli ce, ana taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Hukumar REMASAB tana kwashe shara, gidajen rediyo suna ta jan kunne. Sai dai motar hukuma iyakarta bakin titi. Abin da ke cikin lungu kuwa, sai masu lungun.

1. A yashe kwata tun damina ba ta sauka ba. Inda aka fi kuskure shi ne a yaso ƙazantar a jibge ta a bakin kwatar, kowa ya shige gida. Ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito. A bari ta tsane, sannan a kwashe a baro a kai bola. Kwatar da ta toshe, gindin katanga take tura ruwa, ginin ƙasa kuwa ba ya jure jiƙa, shi ya sa ake yawan jin rushewar gidaje a watan Agusta. In aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, a sanar da mai unguwa a yi gayya.

2. Leda ce ke toshe kwatar nan, musamman ta fiya wata. A ajiye buhu guda a tsakar gida don tara ta. Yaron da za a aika sayen manja ko waken suya, a haɗa shi da kwano. Kada kuma a hura wuta da leda ko a ƙona ta a ƙofar gida, hayaƙinta na cutar da ƙirji, balle ga mai asma.

3. A raba shara. Gwangwani, ƙarfe da tsohuwar roba kuɗi ne a wurin 'yan jari bola. Toka, ɓawon kayan miya da kashin awaki taki ne, manoman kewayen birni sun daɗe suna nemansa.

4. Tsohuwar taya, fasasshen tulu, duk abin da ke riƙe ruwan sama a kife shi. Kwana goma sun ishi ƙwan sauro ya zama sauro.

5. A dasa itace. Darbejiya tana da inuwa, amma saiwarta na iya fasa gini, don haka a nisanta ta da katanga. Gidan da ba fili, zogale ya wadatar, ga kwaɗo kyauta. Ruwan alwala ya ishe shi sha, sai dai a kewaye shi saboda awaki.

Abu na ƙarshe na iyaye mata ne: yaron da aka bai wa kwandon shara, a tabbatar bola ya kai. Da yawansu suna shan kwana suke juye shi a kwatar maƙwabta.