Kwanson Harsashi a Hannun Yaro: Shawarwari ga Iyayen Tudun Wada

A Amurka akwai masu sha'awar harbi da ke tara kwanson harsashi, su kankare wuyansa da 'yar na'ura har kaurinsa ya daidaita ta kowane gefe, sannan su sake ɗura shi. Dokarsu ta yarje musu. Tamu kuwa, Dokar Bindigogi ta 1959, ta hana riƙe harsashi ko haɗa shi ba da izini ba. Duk da haka kwanson yakan shigo mana gida a aljihun yaro.

1. A duba da ido kafin a kai hannu. Wanda aka riga aka harba bakinsa a buɗe yake, cikinsa fayau, tsakiyar gindinsa ya ɗan lotsa. In kansa na nan daram, mai rai ne, ko da gindin ya lotsa, ko da ya yi tsatsa.

2. Mai rai ba a ƙwala shi da dutse, ba a soka masa ƙusa. Kada kuma a share shi cikin bola, domin ranar da aka cinna wa sharar lungu wuta zai fashe, ɓarɓashinsa na iya tsiyaye ido.

3. Kada a bar yaro ya mayar da fankon usur. Wannan ya fi damuna, don ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Cikinsa akwai ragowar dalma, ita kuwa ba ta sa ciwo nan take, a hankali take taɓa ƙwaƙwalwa. Gubarta ce, daga dutsen zinariya, ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. A karɓe, a wanke masa hannu da baki da sabulu.

4. Ɗan gwangwan zai saya, tunda galibi tagulla ce: kashi 70 jan ƙarfe, 30 tutiya. Kada a sayar. Mai rai guda ɗaya in ya ɓuya a buhu, wanda zai narka shi ne zai kwana a ciki.

5. A sanar da mai unguwa, a tafi tare ofishin 'yan sanda. Hedikwatarsu ta jiha ma tana nan Bompai. In harsasan suna da yawa, a bar su inda suke, a kira 112.

6. Gidan mafarauci, ba a rataye bindiga a ɗure. Albarushi ya zauna a akwati mai kwaɗo nesa da murhu, makullin a jikin maigida.