Canjin Sunan Bagaruwa da Yadda Ake Gyara Kundin XML

A ɗauka wani ɗalibin ilmin tsirrai ya yi damina yana ƙirga itatuwan gonakin Sara, ta ƙasar Gwaram, ya kuma adana abin da ya samu cikin kwamfuta bisa tsarin XML. Wannan tsari, wanda ƙungiyar W3C ta tabbatar a 1998, yana killace kowane bayani tsakanin alamomi biyu, wasu cikin wasu, tamkar reshe a jikin reshe. Ga misalin itace guda:

<itace><suna>bagaruwa</suna><dangi>Acacia</dangi></itace>

To, sai ga matsala. Babban taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Viyana a 2005, da wanda ya biyo baya a Melbon a 2011, sun bar sunan Acacia ga itatuwan Ostareliya da 'yan uwansu. Bagaruwa, wadda majema ke jima da 'ya'yanta, ta koma Vachellia nilotica. Ɗakwara mai ba da ƙaro ta zama Senegalia senegal. Shi kuwa gawo tuni aka san shi da Faidherbia albida, ko da yake tsofaffin littattafai na kiran sa Acacia albida. Mai gaggawa zai umurci kwamfuta ta musanya kowace Acacia da Vachellia, nan take ya mai da gawo da ɗakwara dangin bagaruwa, ya kuma ɓata sunayen littattafan da aka ambata cikin kundin.

Maganin wannan shi ne XPath, wanda ya fito a 1999. Kwatance ne, irin wanda ake yi wa baƙo: bi unguwa kaza, shiga gida kaza, nemi wane. Alal misali:

//itace[suna='bagaruwa']/dangi

Ma'anarsa, a duba ko'ina cikin kundin, a ware itacen da sunansa bagaruwa, sa'an nan a kamo danginsa kaɗai. Sai dai mai karatu ya lura, XPath nuni kurum yake yi, ba ya canza kome. Gyaran aikin manhaja ne. A harshen Python, ana loda kundin da ElementTree, a miƙa wa findall kwatancen da ɗigo a farkonsa, a bi sakamakon ɗaya bayan ɗaya ana sauya text zuwa Vachellia, daga nan a adana da write. Wanda ya manta da matakin ƙarshe ya yi aikin banza, domin gyaran yana cikin ƙwaƙwalwar na'ura ne, bai shiga kundin ba. Ya kyautu kuma a ajiye tsohon sunan a gefe ta amfani da set, saboda masu nema da shi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne haruffa masu lanƙwasa. Ga kwamfuta, ɗakwara daban, dakwara daban. In ɗalibin ya rubuta ta iri biyu, kwatancen zai kamo wasu ya tsallake wasu, kuma manhajar ba za ta ce uffan ba. Saboda haka a fara ƙirga abin da kwatancen ya kamo, a gwada da adadin da ke littafin da aka shiga gona da shi. In lissafi ya daidaita, sai a adana gyaran cikin sabon kundi, da tsarin haruffa na UTF-8, a bar na asali yadda yake.