Shugabancin makaɗa ba albashi: in sauka?

Tambaya: Makaɗan gargajiya na Tamaske suka ɗora ni shugaban ƙungiyarsu, aikin sa kai. Yanzu ana cewa ina cin kuɗin biki, dattawa kuma na cewa ban gaji kiɗa ba. In sauka?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sauka tukuna, amma cire hannunka daga kuɗi yau. A zaɓi ma'aji, a sayi littafi, duk jikar da ta shigo a rubuta gaban mutum biyu, a karanta a taro. Kuɗin man babur zuwa Keita ma ka karɓa da rasit. Mai ciyar da ƙungiya daga aljihunsa shi ake fara zargi.

Dattawan kuwa suna da gaskiya. Kalangu da algaita gado ne, takarda ba ta koyar da su. Bar wa Sarkin Makaɗa zaɓen take da horon yara. Naka shi ne abin da ba ya so: rajista bisa dokar ƙungiyoyi ta 1984, wasiƙa zuwa cibiyar koyar da kiɗa ta Taya da ke Yamai, neman gurbi idan an buɗe gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu a Tawa.

Ka nemi a yanka maka wa'adi, shekara biyu, da mataimaki matashi.